Tsamiyar da Na Hana a Ƙwanƙwasa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na taɓa rantsuwa ba zan manta ba, amma ranar da na kayar da tsamiyar gonarmu tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Ko na so mantawa ma babu hali. Kullum da safe idan yayana ya taho gaishe da mahaifiyarmu, tun daga zaure nake jin takunsa, ƙafa ɗaya ta sauka da ƙarfi, ɗayar ta biyo baya tana jan ƙasa. Ni na ba shi wannan tafiyar.

Gonar tana wajen Tafashiya, gadon mahaifinmu ce, ni da yayana muke noma ta. A gefenta, dab da 'yar hanyar da mutane ke bi zuwa kasuwa, akwai wata tsohuwar tsamiya wadda mutum uku ba sa iya zagaye ta da hannuwa. Mun taso mun gan ta, mahaifinmu ma ya ce haka ya taso ya gan ta. A inuwarta muke shan fura idan rana ta take, kuma a gindinta muke tara karmami da ƙaya duk shekara idan an yi sharar gona, mu cinna wuta. Babu wanda ya taɓa ganin laifin haka. Wutar takan bar baƙin tabo a jikinta, gara ta zo ta lulluɓe wurin da ƙasa, shi ke nan sai wata shekara.

Da tafiya ta yi tafiya sai ta daina 'ya'ya, samanta ya fara bushewa. Wata damina kuma ta saki wani ƙaton reshe a kan hanya, jim kaɗan bayan wasu matan Fulani sun wuce da ƙoren nono a ka. Mai unguwa ya kira yayana ya ce a san yadda za a yi da ita tun ba ta ɗauki rai ba. Yayana ya je ya karɓo takardar izini wajen ma'aikatan gandun daji, aka tsayar da magana sai an kawar da amfanin gona.

A lokacin ina ji da kaina. Na yi cin rani sau biyu a Kurmi, inda nake bin masu injin yanka itace ina ɗaukar musu katako a ka, wani lokaci su ba ni injin in gutsuttsura abin da suka riga suka kayar. Ban taɓa kayar da itace a tsaye ba, amma na ga an yi sau da yawa, kuma a ganina gani da iyawa duk ɗaya ne. Ga shi kuma na ɗan fara zama gaban malamai, har na kai matsayin nan da mutum ke ganin duk abin da tsofaffi ke yi camfi ne. Karatun bai yi laifi ba, ni ne na ɗauki kaɗan na yi ta kumbura da shi. Sai na ce wa yayana kada ya wahalar da kansa neman masu gatari su kwana uku suna sara, zan karɓo inji haya a Kankia, kafin azahar an gama.

Yayana mutum ne mai sanyin hali, bai iya musu ba. Ya ce to, amma dai a kira Kawu ya tsaya a wurin. Kawun nan ƙanen mahaifiyarmu ne, masassaƙi, yana zaune can wajen Kusada. Turmi da akushi da ƙotar fartanya da yawa a yankinmu daga hannunsa suka fito, kuma tun yana saurayi yake kayar da itatuwa da gatari. Gajere ne, ba ya son yawan magana, in ka tambaye shi abu sai ya gama tauna goronsa kafin ya amsa. Na yarda a kira shi, amma a raina cewa nake zai dai zo ya ga yadda ake aiki a zamanance.

Ranar aikin, da hantsi muka hallara. Ina tayar da injin don gwaji, ƙararsa ta jawo mutane daga gonakin kusa, kafin ka ce me wuri ya cika, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Ana haka Kawu ya iso da gatari a kafaɗa da adda a hannu. Ya gaisa da jama'a, ya aje addar, ya nufi tsamiyar shi kaɗai. Ya tsaya ya daɗe yana kallon samanta. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya ɗaga, ya sake ta tana zuba a hankali yana bin ta da ido. Sannan ya matsa jikin itacen ya ce, "Salamu alaikum," ya juya gatarin ya buga da ƙeyarsa, ya kara kunne. Ya ɗan zagaya ya sake bugawa, ya sake kara kunne.

Kowa a wurin ya san abin da ake cewa game da wannan. Tun muna yara ake gaya mana tsamiya gidan aljanu ce, masassaƙa kuma ba sa taɓa ta sai sun yi sallama sun nemi masu gida su tashi. Na ji wani a bayana yana cewa a hankali, "Ana sallamar mutanen ɓoye." Sai na ji kunya ta kama ni, wai kawuna ne ke wannan abu a gaban jama'a. Ya yi bugu na uku ke nan na taka na riƙe ƙotar gatarin.

Na ce, "Haba Kawu, don Allah a bar wannan. Icce ne fa, ba gidan surukai ba, balle a tsaya sallama."

Mutane suka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce, "Bari in ida zagayawa, ɗana. Saura ɓangare guda."

Na ce, "In ma akwai wasu a ciki, ƙarar inji ta ishe su sallama."

Aka sake fashewa da dariya, har da masu tafawa. Kawu ya dube ni, ya dubi inda na share don itacen ya kwanta, wato gabas, cikin filin gonarmu. Ya ce, "Tsamiyar ga ba ta bin inda kake nuna mata."

Na ce, "Su suka gaya maka?"

Wannan kalma ita ce har yau idan na tuna nake jin kamar in nutse. Kawu ya zare gatarinsa daga hannuna a hankali, ya koma gefe. Da a ce tambayar gaskiya na yi masa, da ya ba ni amsar gaskiya, amma ba tambaya na yi ba, ba'a na yi, kuma dattijo ba ya tsayawa yi wa mai ba'a bayani a gaban taro.

Na ga a Kurmi ana ɗaura igiya a ja itace ya bi inda ake so, don haka na sa aka kawo igiya. Wadda aka samu ta guga ce, an auna ta ne da zurfin rijiya, ba da tsawon tsamiya ba. Muka jefa ta a wani reshe muka ɗaure, sai ga shi duk wanda zai riƙe ta dole ya tsaya a inda rassan za su iya kaiwa. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na ce yayana ya riƙe, amma ya ɗan karkata ta arewa, ta yadda idan itacen ya tafi gabas zai wuce shi ta gefe. Abin da ban kula da shi ba, a bayansa akwai shingen ƙaya mai kauri na wani maƙwabcinmu da ya shuka rogo. Na tsayar da ɗan'uwana a wurin da ba shi da mafita.

Kawu ya je wurinsa ya ce, "Saki igiyar ga ka koma can bakin hanya." Yayana ya dubi Kawu, ya dube ni, ya dubi jama'a. Na san abin da ke ransa, ba ya so ya kunyata ni bayan duk cika bakin da na yi. Ya ce, "Kawu, a bar shi ya yi aikinshi, tunda an riga an taru." Sai Kawu ya ɗauki addarsa ya nufi shingen, ya shiga janye ƙaya daidai bayan yayana, har ya buɗe ƙofar da mutum zai iya wucewa a guje. Mai rogon yana cikin 'yan kallo, ya ɗaga murya ya ce awaki za su shigar masa. Kawu ya ce, "In an ƙare ni zan maida maka da hannuna." Ya share 'yan kututturan dawa da ke wurin da ƙafa, sannan ya ce wa yayana, "In ka ji ta yi kuka, kar ka dubi sama, kar ka waiwaya. Ta nan za ka bi." Ni duk ina ganin wannan, ina ta murmushi ina zuba mai a inji.

Yadda ake kayar da itace, ana fara yanka masa baki ne a ɓangaren da ake so ya faɗi, a cire wani yanki. Sai a koma ta baya a yanka, ɗan sama kaɗan da bakin, amma ba a haɗe yankan biyu. Ana barin wani kauri a tsakani, daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan da aka bari shi ke riƙe itacen ya sunkuya a hankali ya bi bakin da aka yi masa, kamar yadda ƙyaure ke bin inda aka kafe shi. Wannan kam na san shi, kuma da shi nake taƙama. Abin da ban sani ba, duk wannan lissafi yana aiki ne idan itacen na da ciki.

Na yanka bakin ta gabas lafiya lau. Sai dai a kusurwar kudu na ga garin da injin ke fesowa ya canza, daga fari ya koma baƙi-baƙi. Na gani da idona. Na ce a raina tabon wuta ne kawai, na wuce. Na zagaya yamma na kafa injin, ya ci kamar faɗin tafin hannu yana gurnani, sai kawai na ji ya yi sakayau a hannuna, ya faɗa cikin iska. Baƙar ƙura ta bugo mini fuska, da ƙasar gara, da warin tsohuwar toka. A daidai wannan lokacin na gane abin da Kawu ke saurare, amma ganewar ta zo a makare.

Tsamiyar ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Ba ta sunkuya gabas ba. Ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta murɗe a kan gindinta, ta juya kanta gaba ɗaya ta nufi arewa, daidai inda yayana ke tsaye da igiya a hannu. Na saki injin na faɗi da baya. Muryar Kawu kaɗai na ji ta keta ihun mutane: "Ta ƙofa! Ta ƙofa!" Na ga yayana ya saki igiyar ya juya, bai dubi sama ba, ya faɗa ta gurbin nan da aka buɗe. Sai ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe komai.

Da ƙurar ta lafa, babban reshen tsamiyar yana kwance a daidai sawun ƙafafun yayana, ya nutse cikin ƙasa, shingen kuma ya baje a ƙarƙashinsa. Da shingen nan a rufe yake, da a nan za mu tono shi. Can cikin rogon muka ji yana salati. Wani reshe daga cikin na sama ya cim masa ya danne ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Mutane suka yi caa za su ɗaga, wasu na cewa a sare reshen. Kawu ya daka musu tsawa, ranar na fara jin ya ɗaga murya. Ya ce reshen a tanƙware yake, in aka sare shi haka nan zai zabura ya ƙarasa ƙafar. Ya sa aka kawo wani gungume aka tokare shi ta ƙasa, ya kori kowa daga ɓangaren da zai iya bugawa, sannan ya sare shi da gatarin nan da na riƙe ɗazu. Ni kuwa ina tsaye, ko tsinke ban iya ɗagawa ba.

A amalanken shanu muka fitar da shi zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai mu asibiti a Kankia. Ƙashin ya karye wuri biyu, naman ya dagargaje. Likita ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma sai an ga kwanaki kafin a san ko ƙafar za ta tsira ko sai an yanke. Kwanakin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Yayana manomi ne, da ƙafar nan yake bin garmar shanu, da ita yake ciyar da mace da 'ya'ya biyar. Matarsa ba ta taɓa ce mini uffan ba, sai dai ta miƙo mini kwanon abinci in kai masa, ta juya. Shi kuma duk lokacin da na buɗe baki zan ba shi haƙuri sai ya ce, "Bari, ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta." Na yi imani da ƙaddara, amma na san da hannun wa ta zo. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Allah ya taimaka ƙafar ta tsira, sai dai ta gajarce kuma gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ranar da aka tabbatar mana ba za a yanke ba, na hau babur na tafi wurin Kawu. Na same shi a ƙofar gida yana fafe turmi da gizago. Na durƙusa na ce na zo neman gafara. Ya ci gaba da aikinsa har na ɗauka bai ji ba, can ya aje gizagon, ya ɗauki gatari da adda, ya ce, "Tashi ka kai ni gonar."

Kututturen na nan yadda muka bar shi. Na leƙa ciki, sai na ga rami ne wanda babban mutum zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa. Wutar da muke cinnawa shekara da shekaru ta ci ta shiga, gara ta ƙarasa sauran. Ta kudu da yamma abin da ya rage bai fi kaurin yatsu huɗu ba, ta arewa ne kaɗai ke da nama mai kauri. Kawu ya dafa wurin ya ce, "Nan kaɗai ta riƙe. Icce kuwa inda ya riƙe can yake juyawa." Ya miƙo mini gatarin ya ce in buga jikin gungumen da ke kwance, can sama inda yake da lafiya. Na buga, ya yi ƙaf, gatarin ya dawo mini a hannu. Ya ce in buga kusa da gindi. Na buga, sai ya amsa kamar ganga.

Na ce, "Ashe wannan kake saurare."

Ya ce, "Shi ne. Bugu ukun da ka bari na yi, biyu sun yi ganga, guda ya yi tauri. Da na ida zagayawa da na gaya maka daidai inda za ta kwanta. Irin wagga ba a fara ta daga gindi. Sai an hau an rage mata rassa ɗaya-ɗaya, a sauke mata nauyi, sannan a nemi doguwar igiya, a kori kowa nesa. Ƙasar da ka ga na saki kuwa, iska nike dubawa."

Na ce, "To sallamar fa, Kawu?"

Ya yi ɗan murmushi, ya gyara goron da ke bakinsa. Ya ce, "Ni ma haka tsohona ya koya mani. Ya ce in na taɓa icce ban yi sallama na ƙwanƙwasa na jira amsa ba, masu shi za su shanye mani hannu. Na fi shekara goma ina yi don tsoro kahin in gane mi kunnena ke ji. Da ya ce mani in duba kogo, wata rana ina sauri sai in ce ai wannan lafiya lau yake. Amma tsoron aljani bai taɓa bari na tsallake ba, ko sau guda." Sannan ya ce, "Ko akwai su a ciki, ko babu, Allah ya sani. Sallama dai ba ta taɓa karya ƙafar kowa ba."

Na zauna a bakin kututturen na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Kawu bai rarrashe ni ba. Ya ɗauki addarsa ya tafi ya gyara wa mai rogo shingensa, kamar yadda ya yi alkawari.

Kawu ya rasu shekarun baya, gatarin yana hannuna. Kafin ya rasu na bi shi daji rani uku ina koyon abin da na ce na iya. Yanzu ni ake kira idan za a kayar da babban itace a yankinmu, kuma da inji nake yi, domin injin bai taɓa yin laifi ba. Amma ba na tayar da shi sai na dubi sama na ga inda nauyi yake, na saki ƙasa na ga iska, na share hanyar gudu, na kori mutane ninki biyu na tsawon itacen, sannan na zagaye shi kaf ina bugawa ina saurare. Mun kuma daina tara shara a gindin itatuwa. Gonarmu kuwa ni ke bin shanu a cikinta duk damina, yayana yana biye da iri a hankali, kuma har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, idan na ga wanda ya daɗe a kan aiki yana yin abin da ban gane ba, in tambaye shi dalili kafin in yi masa dariya, kuma in yi tambayar da gaske. Mai yiwuwa bayanin da aka rataya wa abin ba daidai ba ne, amma abin da kansa wani ne ya saye shi da jininsa kafin a haife ni. Wani lokaci ina cikin ƙwanƙwasa itace sai in ji samari a bayana suna ƙus-ƙus, wai malam guda yana gaida aljanu. Ba na jin haushi, don na san wanda ya fara yin wannan dariyar. Nakan kira mai ƙarfin dariya a cikinsu in miƙa masa gatarin in ce ya buga ya kara kunne. Idan ya ji, shi ke nan. Idan kuma ya ce bai ga amfanin abin ba, sai in ce ya zo gidanmu gobe da safe, ya zauna a zaure, ya saurari shigowar yayana.